Mai Ƙofar Majalisa da Ƙarin Kujeru

Duk wanda ya yi aiki a ginin majalisar ƙasa ya san Baba Mai Ƙofa, ko da kuwa bai taɓa tsayawa sun gaisa ba. Dogon mutum ne siriri, ya ɗan ranƙwafa, kullum cikin shuɗin kaki da ya sha guga har gwiwar hannun tana ƙyalli. Wurin tsayuwarsa ɗaya ne, gefen dama na babbar ƙofar zaure, wadda 'yan majalisa kaɗai ke bi. Ƙofar katako ce mai ƙyaure biyu, mai nauyin tsiya, da mariƙin tagulla da tafin hannunsa ya goge har ya yi santsi. Aikin bai wuce ya buɗe wa mai izinin shiga, ya tare marar izini ba. Akwai masu raina aikin, shi kuwa ko a jikinsa, don ya san ba kowa ke iya tsayuwar wuni guda yana murmushi ba.

Daga can ƙarshen ƙasa ya fito, wani gari na bakin kogi inda titi ke ƙarewa, daga nan sai kwalekwale. Ya shigo birni yana saurayi, ya yi dako a tasha, ya yi gadin wani shagon taya, kafin kawunsa da ke sharar ofisoshin majalisa ya sama masa gurbi a ƙofar baya, inda ake shigo da kayan kicin da katan-katan na takarda. Daga nan aka matsar da shi ƙofar baƙi, daga ƙofar baƙi sai babbar ƙofa. Ya auri wata tela 'yar maƙwabtansu, aka ba su ɗaki da falo a gidajen ma'aikata da ke bayan ginin, suka haifi 'ya'ya, 'ya'yan suka girma kowa ya kama gabansa. Tarihinsa ke nan kaf, in ban da abu ɗaya da shi da matarsa kaɗai suka sani.

Abin da ya yi suna a kansa shi ne bai taɓa tambayar ɗan majalisa kati ba. Tun mutum yana nesa zai gaishe shi da muƙaminsa da sunan mazaɓarsa, kafin ya iso ƙyauren ya riga ya buɗe. 'Yan majalisa kuwa, ka san su da son a san su. Wani har yakan dafa kafaɗarsa ya ce, "Baba, wannan ido naka Allah ya bar maka shi." Shi kuma ya ce, "Amin, ranka ya daɗe."

To, idon ne babu. Da farko abin kamar hayaƙi ya zo, ya ɗauka gajiya ce. Sannu a hankali fuskokin mutane suka narke, rubutun da ke jikin bango ya koma zane. Na hagu ya tafi gaba ɗaya, na dama kuma bai wuce ya nuna masa haske da inuwa ba, da farin abu in ya zo kusa. Da yake abin bai zo lokaci ɗaya ba, kunne ya yi ta karɓar aikin a hankali, har shi kansa bai san ranar da ya daina duban fuska ba.

Doguwar barandar da ke kawo mutum ƙofar daɓen dutse ce, kowane takalmi da irin kukansa a kai. Akwai ɗan majalisar da ke jan ƙafar hagu. Akwai mai tarin makullai a aljihu, akwai wanda ba ya taku biyar bai yi gyaran murya ba. Wata hajiya awarwaronta ke yi mata sallama, wani kuma turarensa ke riga shi isowa, wani kullum yana kan waya yana yi wa ɗan kwangila masifa. Baba Mai Ƙofa ya san su duka kamar yadda uwa ke sanin tarin 'ya'yanta daga ɗaki. Bayan kowane zaɓe sababbi 'yan kaɗan ke zuwa, ya bi su da gaisuwa kwana biyu, ya haddace su.

Asibiti fa? Ina! Asibitin ma'aikata duk abin da likita ya gani sai ya rubuto wa ofis. Wani masinja da ya je da ciwon kunne, kafin ya shanye maganin takardar ritaya ta iske shi. Ritaya kuwa tana tafiya da ɗaki da falon nan. Amma in za a faɗi gaskiya, ba ɗakin ne ya fi damunsa ba, ƙofar ce. Bai san yadda ake wayar gari ba a je an tsaya a gefenta ba.

Matarsa ita ce idonsa a gida. Ita ke goge kakin, ta duba ko miya ta ɗiga, ta tsaya a gabansa ta gyara maɓallin da ya saɓa. Tana yi tana mita.

"Malam, wannan abu da kake ɓoyewa, ranar da zai fito a gaban jama'a zai fito."

"Ke dai gyara min kwalar, na makara."

"Na gyara. Jiya ma takalmi ƙafa daban-daban ka so fita da shi."

"Ai duk baƙaƙe ne."

"Ɗaya ruwan ƙasa ne, Malam."

Ana cikin haka maganar ƙara yawan kujerun majalisa ta taso. Ta bayan ƙyaure ya ji muhawarar, don katako bai hana shi jin komai ba. Masu goyon baya suka ce jama'ar ƙasa ta ninka, kujeru kuwa suna nan yadda kakanni suka bar su, mutum ɗaya yana wakiltar yankin da ko shekara ya yi yana yawo ba zai zagaye shi ba. Masu adawa suka ce ƙarin baki ne kawai za a yi wa tukunya, ƙarin motoci, ƙarin ofisoshi, ƙarin surutu. Aka yi ta bugun tebur, kakakin majalisa yana buga gudumarsa har ya gaji. Wata rana ma sai da aka raba wasu dattawa biyu da suka cakumi rigar juna.

Ba a tambayi ra'ayin Mai Ƙofa ba, amma yana da shi. Garinsu wutsiyar wata ƙatuwar mazaɓa ce, ɗan majalisarsu ba ya zuwa sai zaɓe ya ƙarato, shi ma iyakarsa wancan gefen kogi, ya ɗaga musu hannu ya juya. Shi ya sa mutanen garin ke yin tattaki zuwa birni, su kwana a falonsa, da safe su biyo shi da kokensu: gada, asibiti, ambaliyar da ta cinye gonaki. Yakan nuna musu inda za su zauna su jira, su jira har a tashi, sau da yawa su koma ba su ga kowa ba. Maganar mutanen garinsu ba ta ɓuya. Suna jan ƙarshen kalma, kuma ba sa shiga zance sai sun gaishe ka da gida da aiki da gajiya ɗaya bayan ɗaya. A duk shekarun da ya yi a ginin, bai taɓa jin wannan harshe ba face da roƙo a bayansa.

Ranar da dokar ta wuce, aka ce garinsu da ƙauyukan kogin sun samu mazaɓa tasu ta kansu, ya dawo gida bakinsa har kunne. Matarsa tana kan keke tana ɗinki, ta tsayar da ƙafa.

"Mutum nawa za a ƙara?"

"Da yawa. Kusan rabin waɗanda ake da su."

"Duk rana ɗaya za su zo?"

"To da, ɗaya-ɗaya za su zo?"

"Da wane kunnen za ka riƙe su?"

Ya nemi butarsa ya fita, ita kuma ta ci gaba da ɗinkinta.

Da majalisa ta tafi hutu, kafintoci suka shigo. Suka tumɓuke tsofaffin kujeru masu faɗi, suka jera sirara, suka ƙara layuka har bakin bango, suka yanki wani ɓangare na benen 'yan kallo. Duk wannan bai dame shi ba, tunda ba a taɓa ƙofarsa ba, fenti kawai aka yi mata. Sai wata safiya ya zo aiki, ya taka baranda, ya ji ƙafarsa ta nutse cikin laushi. An shimfiɗe ta da kafet mai kauri tun daga bakin matakala har gindin ƙofa, wai don a rage ƙarar takalma tunda jama'a za ta yi yawa. Ya tsaya a wurinsa, mai shara ta zo ta wuce ta gabansa bai ji zuwanta ba sai da ta gaishe shi. Tun daga ranar tsoro bai sake shi ba.

Bayan zaɓe, shugaban masu tsaro, wanda kowa ke kira Oga, ya tara su a ofishinsa. Ya ce daga yanzu kowane ɗan majalisa zai rataya kati mai hoto a wuya, mai ƙofa kuma sai ya duba kati ya dubi fuska kafin ya buɗe.

"Har da kai, Baba. Na san ka san mutanenka, amma yanzu gidan ya fi ƙarfin sani."

"To, ranka ya daɗe."

Aka yi wa sababbin 'yan majalisa makon koyon aiki kafin rantsuwa. Baba Mai Ƙofa ya maƙale kusa da teburin shayi, duk wanda ya zo ya gaishe shi ya tambayi mazaɓarsa, don dai ya ji murya. Da yamma ya dawo gida yana kwaikwayonsu ɗaya-ɗaya, mai magana ta hanci, mai in'ina, mai dariya kafin ya gama zance, matarsa tana dariya har da riƙe ciki. Ya kama wasu, da yawa suka zube. Sai ya sake dabara. Ya lura katin fari ne, in mutum ya matso yakan ga wani farin tabo yana lilo a ƙirjinsa. Shi ke nan, duk mai farin tabo a ƙirji zai sunkuya kamar yana dubawa, ya buɗe masa.

Wadda garinsu ya zaɓa ma'aikaciyar jinya ce, kowa Sista yake ce mata. An ce rabin yaran yankin a hannunta aka haife su. Shi bai san ta ba, don ya bar gida tun ba a haife ta ba. Ya so ya ji muryarta a makon koyon aikin, sai aka ce ruwa ya yanke hanya, ba za ta iso ba sai ranar rantsuwa.

Ranar kuwa ginin ya cika maƙil. 'Yan rakiya, 'yan jarida, mata da goyo, tsofaffi da sanduna. Mutanen garinsu mota guda suka yi haya, kuma tun safe suke ɓacewa a cikin ginin suna faɗowa ƙofarsa. Da ya ji jan harshen nan sai ransa ya yi fari, ya amsa gaisuwar har ƙarshe, ya ce, "Sama za ku hau, ga matakala can hannun dama, ku yi sauri kafin wuri ya cika." A tsakani yana ta buɗe wa masu farin tabo, yana sunkuyawa yana ɗagowa, gumi ya jiƙa bayan kakin. Har aka kaɗa ƙararrawar shiga zaure bai yi kuskure ko ɗaya ba, ya fara jin kamar zai tsallake.

Sai ga wata inuwa ta tsaya a gabansa, gajeriya, ita kaɗai. Babu turare, babu mai riƙe mata jaka, sai ƙanshin sabulu da motsin leda a hannu. Ƙirjinta babu farin komai, don igiyar katin ta yi ta kama mata mayafi, ta cire ta jefa a ledar.

"Sannu Baba. Ina kwana? Ya aiki? Ya iyali? Ya gajiyar jama'a?"

Harshen gida ne tsantsa. Ya amsa mata da fara'a, ya miƙa hannu ya tare ƙyauren.

"'Yata, ba nan ba ne. 'Yan rakiya sama suke hawa."

"Baba, ciki zan shiga."

Ya yi 'yar dariya. "Kowa ma ciki yake so. Ni ma ɗan can ne, kin ji, ba zan cuce ki ba. Hau sama ki samu wuri a gaba, in Sista ta tashi rantsuwa za ki gan ta sarai."

Ya ji motsin leda. Katin ta ciro ta ɗaga masa, dab da fuskarsa, ta ɓangaren hagu. Shi kuwa yana nan yana murmushi, yana nuna matakala da ɗaya hannun. Waɗanda suka makara suka fara taruwa a bayanta.

"Baba, ga shi fa."

Ya ɗauka takardar koke ce, irin wadda mutanen gida ke zuwa da ita a ninke. "A'a, ba a nan ake karɓar takarda ba. Ki riƙe abinki, in an tashi zan nuna miki ofishin da za ki kai."

Wani daga baya ya ce, "Kai, dattijo, ba ka ga katin ba ne? 'Yar majalisa ce fa!"

Hannunsa ya sauka daga ƙyauren da kansa. Kunya ta rufe shi tun daga kai har ƙafa. Ya buɗe baki zai ba da haƙuri, sai ya ji muryar Oga a gefensa yana tambayar me ke faruwa, shi ma kafet ɗin ya haɗiye takunsa.

Da Sista ta yi fushi ta wuce, da wataƙila abin ya tsaya a kuskuren rana ɗaya, a yi masa faɗa a manta. Amma ba ta yi fushi ba. Mace ce da ta shekara da shekaru tana duban marasa lafiya, kuma hali ba ya tsayawa a bakin ƙofa. Ta matso, ta ɗaga hannu ta kaɗa a gefen fuskarsa, bai ƙifta ba. Ta sa yatsa ta ɗan ja fatar ƙasan idonsa, ta yi magana da ƙarfi, irin yadda ake yi wa tsofaffi a asibiti.

"Ayya, Baba! Tun yaushe idon nan ya yi haka? Yanar ido ce, ta rufe na hagun gaba ɗaya, na daman ma saura kaɗan. Da me kake gani? Ai wannan cirewa ake yi, kada ka zauna da ita."

Da zuciya ɗaya ta faɗa, kowa a wurin ya ji tausayin da ke cikin muryarta. Oga ma ya ji, ya kuma ji sauran. Ya matsa gaba ya kama mariƙin tagullar, ya ja ƙyauren da kansa, ya ce, "Bismilla, ranki ya daɗe, a yi haƙuri." Ta shiga tana waiwaye, tana cewa za ta neme shi in an tashi. Sauran suka bi bayanta.

Oga bai ɗaga murya ba. Ya kira wani mai tsaro daga ƙofar baƙi ya tsayar da shi a wurin, ya kama hannun Baba Mai Ƙofa ya kai shi ofis, ya ba shi kujera da ruwa. Akwai lasifika a bangon ofishin, ta nan ya ji ana kiran mazaɓu ɗaya bayan ɗaya, sababbin sunaye da ba a taɓa faɗa a zauren ba. Ya ji an kira na garinsu, ya ji muryar nan mai jan ƙarshen kalma tana rantsuwa, ya ji benen 'yan kallo ya ɗauki tafi har kakaki ya buga guduma.

Da aka tashi Oga ya dawo, ya zauna a bakin tebur.

"Baba, shekara nawa kana haka?"

"An daɗe, ranka ya daɗe."

"Da wani ne ya rataya farar takarda ya shigo da mugun abu fa? Me za mu ce?"

Baba Mai Ƙofa ya san tambayar gaskiya ce. Oga ya ce gobe ya je asibiti, a yi masa aikin, ya huta sosai, sauran magana ofis zai rubuto. Ya ce kakin ba sai ya kawo da gaggawa ba. Su biyun duk sun san abin da hakan ke nufi, suka yi sallama cikin mutunci. Baba Mai Ƙofa bai jira Sista ba, ya bi ta ƙofar baya ya fita.

Rana ba ta faɗi ba ya iso gida. Labari ya riga shi, don gidajen ma'aikata ba a ɓoye komai. Matarsa ta tashi daga kan keke, ta zo ta tsaya a gabansa ta fara ɓalle masa maɓallan rigar, ba ta ce ai na faɗa maka ba. Ta rataye kakin a bayan ƙofa, ta kawo masa abinci, ya ce ta rufe tukuna.

Suna zaune wayarsa ta yi ƙara. Ta duba ta ce ƙanensa ne daga gida, ta danna ta sa masa a kunne. Hayaniya ce ta fara shigowa, mutane da yawa suna magana lokaci ɗaya, yara suna ihu.

"Yaya! Yaya, kana ji na? Duk gari muna nan gindin rediyo, mun ji ta da kunnenmu! Wallahi tsofaffi har kuka suka yi. Na ce musu ai ku ba ku sani ba, yayana ne a bakin ƙofar nan. Yaya, kai ka buɗe mata, ko?"

Ƙanen ya sake kiran sunansa, yana zaton layin ne ya yanke, sannan Baba Mai Ƙofa ya amsa.

"An buɗe mata," ya ce.

Ƙanen bai tsaya jin ƙari ba. Baba Mai Ƙofa ya ji shi ya juya yana faɗa wa jama'a da iyakar muryarsa cewa ga yayansa a waya, da hannunsa ya buɗe wa Sista ƙofar majalisa, wurin ya kaure da sowa. Wani tsoho ya karɓi wayar yana ta sa masa albarka. Ya saurara har tsohon ya gama, ya ce amin, sannan ya miƙa wa matarsa wayar ya ce ta kashe, don shi ba ya ganin inda ake dannawa.